Tulun da Bappa Ya Binne a Gona

Ranar da Bappa ya rasu, tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidanmu na Sintali ba su ishi mutane ba, sai da aka aro benci daga maƙwabta. Damina ce, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ina cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin Dada, matarsa, tana kallon titi, don haka na ga kusan duk wanda ya zo.

Dillalan shanu sun zo saboda Baba, mahaifina, wanda shi ne ƙanin mamacin. Tsofaffin ɗaliban Bappa sun zo, wasu da furfura a gemu. Sai kuma wasu mutum shida daga wata majami'a ta Kachalla Sembe, fastonsu a gaba. Suka tsaya gindin mangwaro, ba su san ko su cire takalmi su hau tabarma ko su ci gaba da tsayuwa ba. Liman ya yafito su da hannu, suka zauna a gefe. Da aka tashi yin salla suka koma baya suka sunkuyar da kai har aka sallame.

A cikin gida maganar ta fi yawa. Wata ta ce mutum ne mai haƙuri. Wata ta ce bai taɓa wuce ta a hanya bai tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ba. Wata kuma ta rage murya, amma ba sosai ba, ta ce, "An ce da littafin mutanen can a ƙirjinsa aka same shi."

Goggo, ƙanwarsu Bappa da Baba, tana rabon goro. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke kika same shi? Ni na rufe masa ido. Carbi ne a hannunsa, tabarau a goshi. In kin gama ta'aziyyar, ga ƙofa can ba a kulle ba."

Can wata tsohuwa daga Yelwa, wadda kunnenta bai ji abin da ya faru ba, ta tambaya da zuciya ɗaya, "Wai ni kam, me ya karanta ne shekara da shekaru haka?"

"Digiri," in ji wata.

"Na me?"

Ba wadda ta amsa. Ni ma, duk da na sani, ban amsa ba. Wannan shirun ne ya sa nake rubuta wannan takarda.

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, Baba ya tsaya a tsakar gida ya faɗi abin da ya yanke. Ya ce littattafan da ke ɗakin Bappa, da takardun, duk wanda ba namu ba ne, za a ƙone shi kafin arba'in. Ya ce ya ji abin da ake faɗa a kan tabarma, kuma ba zai bar wa gidan nan abin da za a riƙa nuna 'ya'yanmu da shi ba. A cikin takardun nan akwai kundin digiri na uku da Bappa ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubutawa bai gama ba. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma ni na buga shi da tafireta.

Ban ce komai ba. Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son abu a wurina sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yarinyar nan." Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa ɗaukar hakan rashin so ba. Tun ina shekara uku aka ba Bappa ni, domin Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi kam Inna yake kirana, wani lokaci har ya ɗan russuna don tsokana.

Bappa malamin Larabci ne tun asali. Ya yi allo a wurin mahaifinsu, ya yi littattafai a zaure, ya yi makarantar gwamnati, ya koyar a kwalejin horon malamai. Yana da shekara arba'in da ɗoriya ya tattara ya tafi wata jami'a a kudu, wai zai karanta Attaura da Linjila a cikin harsunan da aka rubuta su, Ibrananci da Girkanci. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce wata rana wani ɗalibi ya tambaye shi abin da ke cikin Attaura game da wata mas'ala, ya buɗe baki ya ba da amsa kamar yadda ya saba. A hanyar gida sai ya tuna bai taɓa buɗe littafin ba.

"Inna, shekara ashirin na yi ina ba da shaidar gidan da ban taɓa shiga ba."

A ajinsu shi kaɗai ne Musulmi, sauran duk masu shirin zama fastoci ne. Alhaji suke ce masa tun bai je Makka ba. Ya ce makonnin farko kujerar da ke kusa da shi kullum babu kowa. Da aka shiga Ibrananci sosai, suka ga yana tafiya a cikinsa kamar mai tafiya a unguwar dangi, saboda Larabcin da ya riga ya sani, sai ga su a ƙofar ɗakinsa da littafi a hammata. Yakan ba da wannan labari yana dariya har ya share ido.

Ya dawo da digiri na biyu da akwatin ƙarfe cike da littattafai. Ya sa kafinta ya yi masa kanta biyu. Namu a ɗaya, nasu a ɗaya, kowa da mazauninsa. Ba ya taɓa ko wanne sai da alwala. Ba ya ajiye ko wanne a ƙasa, ba ya ɗora kofi a kai. Bayan la'asar yakan fito gindin mangwaro ya yi karatu a bayyane, yatsansa yana bin layi daga dama zuwa hagu. Dada takan ce, tana tankaɗe, "Wannan ai Larabci ne na mai mura." Shi kuma ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya ci gaba.

Kundin nasa a kan kiwo ne. Ya lura cewa littattafan nan cike suke da makiyaya: rigima a bakin rijiya, wanda ya yi wa surukinsa kiwo shekaru, wanda ya bar garke ya bi tunkiya ɗaya. Ya ce farfesoshinsa sun san kowane harafi da ɗigonsa, amma babu wanda ya taɓa jan guga ya shayar da garke a cikinsu. Shi kuwa jikan makiyaya ne. Sai ya riƙa hawa babur yana bin rugage, yana zama da tsofaffi, yana tambayarsu yadda ake raba layin shayarwa idan rijiya ɗaya ce, da abin da ake yi wa makiyayi idan kura ta ci dabbar da ba tasa ba. Su a zatonsu hira ce. Ya dawo ya rubuta a kan 'yan katuna da yake yankawa daga kwalin sukari, ya ɗaure su da zare ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli da sunansa a sama: rijiya, fari, ɓatacciya, makiyayin haya. Ɗakinsa har yau in an buɗe, ƙamshin kwalin nan ne yake fara tarar mutum.

Faston da ya tsaya gindin mangwaro ranar rasuwa, da gardama ya fara zuwa gidanmu. Matashi ne a lokacin, ya ji labarin wani malami da ke karanta littafinsu, ya zo ya ga ko da wace niyya. Bappa ya sa aka kawo masa kindirmo. Suna cikin magana ya gane cewa yaron ya faɗi jarrabawar Girkanci sau biyu a makarantarsu, saura masa dama ɗaya. Daga ranar, duk Alhamis bayan la'asar, shekara guda cur, yana zuwa zaurenmu. Bappa bai gaya wa mutanen masallaci ba, shi ma bai gaya wa mutanen majami'a ba. Ni nake kai musu ruwa, don haka na ji wasu abubuwa.

"Malam, kai fa ka san littafin nan tamu ya fi ni," in ji Fasto wata rana, da irin Hausarsa. "To mene ya hana ka?"

"Kai ma ka san hanyar gidan nan fiye da ta gidan surukanka. Ka tare a nan ne?"

"Kai, Malam!"

"Karanta. Ka tsallake layi."

Ya ci jarrabawar. Ya kawo doya goma a bayan keke, Bappa ya karɓi biyu ya ce sauran ya mayar wa matarsa da ta yi haƙuri da shi.

Ba na son in rubuta shi kamar wanda ba shi da aibu. Bappa yana da girman kai iri ɗaya: ba ya yi wa kowa bayanin kansa. In an fahimce shi, to. In ba a fahimce shi ba, sai ya gyara tabarau ya koma karatu. Wannan hali ne ya raba shi da Baba.

Muna da gona ta gado a hanyar Kona, gindin dutse, su biyu suke nomanta. Wata shekara wani mai wucewa ya hango Bappa shi kaɗai ƙarƙashin ɗorawa, ya haƙa rami, yana saka tulu a ciki, bakin tulun a liƙe. Kowa a garin nan ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya binne tulu a gona. A daminar nan kuma ciwon huhu ya shiga shanun Baba, ya kashe masa da yawa. Ba shi kaɗai ya yi asara ba, amma shi kaɗai ne yake da wa mai karanta rubutun da ba wanda ya iya. Magana ta zagaya kasuwar shanu ta dawo. Baba ya jure ta wata biyu, sannan ya zo gida da hantsi, ya tsaya a ƙofar ɗakin littattafai bai shiga ba, ya kira shi da sunan da ƙannensa suke kiransa.

"Hamma, me ka binne a gona?"

Bappa ya dube shi ta saman tabarau.

"Tunda har ka iya tambaya, amsar ba za ta yi maka amfani ba."

Shi ke nan abin da aka faɗa. Ba zagi, ba ɗaga murya. Amma shekara biyu ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Daga baya Goggo ta haɗa su ranar wata salla, suka gaisa, suka koma zama tare, sai dai maganar tulun ba wanda ya sake ɗaga ta. Baba bai tona ba, don yana tsoron abin da zai gani. Bappa bai faɗa ba, don yana ganin bai kamata a tambaye shi ba.

Ni na san abin da ke ciki ne bayan shekaru, lokacin da yana ta fara rufe masa ido, ya ce in raka shi gona in riƙe masa wani sabon tulu. A hanya ya gaya mini. Takarda mai sunan Allah in ta tsufa ta yayyage, ba a zubar da ita a juji. Mu mun san wannan. A jami'a ya tarar Yahudawa su ma haka suke, tsofaffin takardunsu binne su suke yi kamar yadda ake binne mutum. Abin ya kwanta masa a rai. Tun daga nan duk warƙar da ta gaji, tamu ko tasu, sai ya naɗe ta a farin ƙyalle, kowace da ƙunshinta, ya sa a tulu saboda gara, ya liƙe bakin da laka. Na ce me ya sa bai gaya wa Baba haka ba. Ya ce, "Inna, riƙe tulun da kyau."

Kundin bai ƙare ba. Farfesan da ke duba shi ya bar ƙasar a shekarun da jami'o'i suka yi ta rufewa, wasiƙu suka daina samun amsa. Ido kuma ya ci gaba da tafiya. Na gama makaranta na dawo gida, na zama idonsa. Yana faɗa ina bugawa. Tafireta ba ta da haruffan Ibrananci, don haka duk inda kalma za ta shiga sai ya ce, "Bar gurbi," in bar fili, wai zai cike da hannu in an yi masa aikin ido. Babi huɗu muka buga. Shafukan suna nan da fararen gurabe a tsakiyar layi, kamar gidan da aka gina ba a sa tagogi ba. Ba a kai ga aikin idon ba.

Kwanakin zaman makoki suka yi ta wucewa. Kullum in shiga ɗakin in share, in fito. Na yi tunanin ɗauke kundin in ɓoye, amma Baba ya riga ya sa an zuba komai a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo, makullin yana aljihunsa. Na je wurin Goggo na ba ta labarin tulun, na roƙe ta ta faɗa masa.

"Ni? In na faɗa zai ce na ƙirƙira ne don in kare Hamma, kamar kullum. Ke kika gani da idonki. Bakinki ciwo yake?"

"Goggo, ta yaya zan yi masa magana?"

"Kamar yadda ake yi wa mutane. Ba zaki ba ne, dillalin shanu ne."

Ana gobe arba'in, da safe, Baba ya shigo da galan ɗin kananzir. Ya sa aka fito da akwatin tsakar gida. Dada tana ɗaki cikin takaba, labule a sake. Na fito daga madafa, na durƙusa nesa da shi kaɗan, na dubi ƙasa. Sannan na buɗe baki.

"Baba, shi ba ƙonawa yake yi ba. Binnewa yake yi. Na san wurin."

Bai juyo ba. Na ga hannunsa ya tsaya a kan murfin galan.

Daga bayan labule Dada ta ce, "Ka bi ta. Shekara nawa kana son ka sani."

Aka ɗora akwatin a bayan a-kori-kura. Goggo ta shige gaba ba wanda ya gayyace ta. Dawa ta yi tsawo, ta fara fitar da kai, dutsen kuma ya yi kore har sama. Na nuna gindin ɗorawar, na nuna wurin tulun farko, wanda Bappa ya sa wa alama da farin dutse. Baba ya tuɓe babbar riga ya ba Goggo, ya karɓi fartanya ya haƙa da kansa.

Tulun ya fito lafiya. Ya yi bisimilla ya fasa lakar bakin. Ƙunshi biyu ne a ciki, ƙyallen ya koma ruwan ƙasa. Ya kwance na farko: warƙoƙi ne na bugun inji, da haruffan nan masu kusurwa, gefensu ya cinye. Ya dube su, ya mayar ya naɗe. Ya kwance na biyu. Waɗannan rubutun hannu ne, da tawadar gargajiya, jan wasali, takardar ta yi laushi kamar tsumma. Ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da ido. Sai ya zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da ya haƙo.

Goggo ta leƙa ta kafaɗarsa. "Hannun Baffanmu ne," ta ce a hankali. Haka suke kiran mahaifinsu. Warƙoƙin littafin da ya kwafa ne da hannunsa, wanda su duka suka koyi karatu a cikinsa, waɗanda suka yage har ba sa ɗinkuwa.

Baba ya shafa warƙar da yatsa. Tsuntsaye suna ta hayaniya a kan ɗorawa.

"Da ya faɗa mini," ya ce.

"Da ka tambaye shi da wata murya," in ji Goggo. Ta share hanci da bakin mayafi. "Ku biyun duk kanku ɗaya, kamar dutsen nan."

Ya naɗe ƙunshin ya mayar. Ya kwaɓa laka da ruwan da muka zo da shi ya liƙe bakin tulun, ya rufe ramin, ya mayar da farin dutsen. Sannan ya ciro makulli ya buɗe akwatin. Ya riƙa ɗaga littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana juya su, yana duba bango da ɗinki, kamar yadda na sha ganin yana duba saniya a kasuwa. Guda ɗaya ya ware, wanda bangonsa ya rabu, shafukansa suka zube. Ya ce wannan a samo masa tulu. Sauran ya ce, yana kallon dutse, a kai wa mutumin nan na Kachalla Sembe, shi ya san darajarsu.

Kundin ne a ƙasan akwatin, da ƙullin katunan sukari a kansa. Ya ɗauko, ya buɗe tsakiya, ya ga fararen guraben. Ya rufe. Ya miƙo mini da hannu biyu, kuma a karo na farko a rayuwata ya dubi fuskata.

"Inna, wannan bai tsufa ba. Shi tsofaffi yake binnewa."

Kananzir ɗin Goggo ta ɗauke, ta ce fitilun gidan dama ba mai.

Yanzu wata bakwai ke nan. Fasto ya ce kalmomin da suka ɓace duk suna cikin katunan, in an bi su a hankali. Duk Alhamis bayan la'asar yana zuwa zaurenmu, ni ina karanta layi, shi yana neman katin, ya rubuta kalmar a gurbinta da baƙin alƙalami. Goggo tana zaune a bakin ƙofa tana tsinke zogale, tana ce masa rubutunsa bai kai na Hamma kyau ba. Ban san ko wata jami'a za ta taɓa karɓar kundin ba. Babi na biyar ma babu shi, sai ƙulli uku na katuna da ba wanda ya san yadda ya so ya jera su.

Baba bai sake ce mini Inna ba, kuma ban sa rai ba. Amma ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya biyo ta zaure zai shiga gida, ya amsa gaisuwar Fasto, ya ɗan tsaya. Ya dubi bango.

"A tambayi yarinyar nan, saura gurbi nawa."

Allah ya jiƙan Bappa, ya sa ƙasa ta riƙe shi da irin ladabin da ya riƙe takardun mutane, ya haskaka masa idon da ya ƙare a kan karatu.